Kofin da Aka Kife

A'a, kada ki ce min aljanu. Zauna tukuna, kin shigo kina huci kamar kububuwa, ko mayafi ba ki ajiye ba. Aljanu suna da aikin yi, ba su da lokacin bin yarinya har jami'a su zauna da ita a banɗaki. Abin da ke damun jikar nan tawa, takwarata, a gidan nan aka dafa shi, a gidan nan aka zuba mata, kuma da ni a cikin masu riƙe ludayin.

Kin ce na wulaƙanta yayanki a gaban baƙi. To, na ji. Shi ya buga miki waya, ko? Na san za a rina. Namiji da furfura a gemu ya kai ƙarar uwarsa wurin ƙanwarsa. Ni na haife shi, ni na haife ki, saboda haka ki bar ni in kai aya, in ya so ki yanke min hukunci.

Ke kina gidan mijinki. Sai ki zo ki yi wuni ɗaya, a shimfiɗa miki darduma, a kawo miki ruwan sanyi, ki tashi kina cewa, "Kai, gidan Yaya akwai tarbiyya, ko tarin yaro ba ka ji." Haka ne. Maƙabarta ma ba a jin tarin yaro.

Kin san kantar nan ta kicin inda ake jera kofuna? Kowa da nasa. Na yayanki fari mai hannu, nawa na ƙarfe da ya lotsa a gindi, na matarsa mai fure, na takwarata ɗan shuɗi na roba mai hoton agwagwa. Kin sha ganinsu, kin ma sha ruwa a wasu. Abin da ba ki sani ba shi ne aikin da suke yi ban da shan ruwa.

Yayanki ba ya duka. Hedimasta ne, ya ce duka aikin jahilai ne, watau irina. Idan yaro ya yi laifi, sai ya tashi a hankali, ya shiga kicin, ya ɗauki kofin yaron ya kife. Shi ke nan. Daga wannan lokacin yaron ba ya gidan. Ba mai yi masa magana, ba mai amsa masa gaisuwa, ba mai haɗa ido da shi. In kun yi kiciɓis a lungu, ki raɓa ki wuce kamar kin wuce tsintsiya. Abincinsa a ajiye masa a bakin ƙofa, kamar na kyanwa. Kuma ba wanda ya isa ya tayar da kofin sai wanda ya kife shi. Kwana uku, kwana biyar. Akwai wanda ya kai tara.

Na farkon da aka yi wa takwarata, shekararta shida. Abokan aikinsa ne suka zo, ya kira ta falo ta nuna musu ta iya lissafi. Ta tsaya a tsakiya, ta harɗe hannu a baya, tana ta zuba kamar rediyo, sai ta kai wani wuri ta kakare. Baƙin suka yi dariya, irin dariyar da manya ke yi wa yaro, ɗaya ma har ya shafa mata kai. Shi kam bai yi ba. Yana raka su ya dawo, sai kicin.

Washegari ina zaune a ɗakina ina ninke wanki, ta shigo ta kama gefen zanena.

"Kaka."

Ban ɗago ba.

"Kaka, kina ganina?"

Na ci gaba da ninke riga.

Ta zagayo ta gabana ta leƙo fuskata. Na mai da ido kan rigar. Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, a hankali, ba ma kuka take ba, "Kaka, na mutu ne?"

Daga nan ta tafi gaban madubin jikin kabad ta tsaya tana taɓa kumatunta. Rigar nan sau huɗu na ninke ta, in warware in sake.

Kada ki yi min wannan kallon, ni ma na tambayi kaina. A gidansa nake zaune, a ƙarƙashin rufinsa, kuma shi ya yi boko, ni ko harafi ɗaya ban sani ba. Na ce wataƙila haka aka rubuta a littafi. Da na ɗan taɓa maganar, matarsa ta ce, "Inna, ai gara wannan da bulala, ba tabo." Shi kuwa ya gyara tabarau ya ce, "Inna, ko yatsa ban taɓa ɗaga wa ɗana ba. Ki nuna min uban da zai iya faɗin haka a layin nan." Na ce to. Tsohuwa mai cin abincin ɗa, "to" ne kuɗin hayarta.

Kuma abin ya yi aiki, shi ne masifar. Ranar da ya tayar da kofin, yarinyar nan ta bi shi kamar jela. Ta goge masa takalmi, ta kawo masa jarida, ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafarsa. Ya dube ni ya ce, "Kin gani, Inna? Bayan horo ma ta fi ƙaunata." Ni kuwa na ga yadda ta riƙe ƙafar wandon. Ba riƙon ƙauna ba ne, riƙon wanda ruwa ya ci ne.

Tun daga nan, kullum da safe, kafin ta wanke ido, kafin ta gaishe da kowa, sai ta leƙa kicin. Ta ga agwagwar tana tsaye, sannan ta yi numfashi. Ta zama ta ɗaya a aji, shekara da shekaru. Ta koyi tafiya ba ƙara. In kika taka ta, ita za ta ba ki haƙuri. Kuna ta yabo, ke ma kin yaba, kin ce da ma 'ya'yanki su ɗauko halinta. Allah ya rufa musu asiri ba su ɗauko ba.

Ina wanta, babban? Wanda kuke cewa aiki ya riƙe shi? Ba aiki ba ne. Shi ya fi kowa ɗaukar karatun Hedimasta. Yana samun ƙafa ya tafi, ya kife mana kofi gaba ɗayanmu, yau shekara biyar. Ko ya kira, minti ɗaya ne, "Lafiya lau, a gaishe da kowa." Matar da ya aura ta taɓa ce min, "Kaka, kamar da bango nake zaune." Na ce, 'yar nan, ginin gidanmu ne.

Ranar da takwarata za ta tafi jami'a, ina kallo ta ɗauko kofin nan ta naɗe a ɗankwali ta cusa a ƙasan jaka. Budurwa mai shekara sha takwas, da kofin agwagwa. Uwar ta yi ta dariya, wai ƙuruciya. Ni ban yi ba. Na san dalili. Tsoro take kada a kife shi tana nesa, ta yi ta rayuwa ba ta san ba ta nan ba.

Abin da ya faru a can ban gani da idona ba, kafin ki ce na ƙara gishiri. 'Yar ɗakinsu ce ta ba ni labari, wata doguwa mai tabarau, mai baki kamar reza, shekara huɗu suna ɗaki ɗaya. Ita ta biyo ta har gidan nan makon jiya. Yayanki ya ce takwarata ba za ta ga kowa ba, sai na jawo baƙuwar ta ƙofar baya, na zaunar da ita a kan buhun gawayi.

Ta ce, "Kaka, tun shekarar farko ba ta cin abinci a inda ɗalibai ke ci. Sai ta jira kowa ya watse, ko ta haƙura. A aji kuwa kujerar ƙarshe take zama, kusa da ƙofa. In malami ya kira sunanta, ko da ta san amsar, kuma wallahi ta fi mu sani, sai ki ga gumi ya keto mata, ta tashi ta fice. A banɗaki za ki same ta, ta kulle, har a tashi."

Na ce, "To ke fa, yaya kuka yi?"

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Ni ta riƙe. Kaka, ina sonta, Allah ya sani, amma kamar an ɗaura min turmi a wuya. Ta wanke min kaya ban sa ta ba. Ta tsaya a ƙofar ajinmu tana jirana. In ta turo saƙo ban amsa da wuri ba, sai in tarar da guda ashirin: ki yi haƙuri, me na yi, ki faɗa min in gyara, don Allah ko zagina ne ki yi. Wata rana kaina na ciwo na juya mata baya na kwanta, na farka na same ta a tsugune a bakin gado tana kallona. Na ce ke lafiya? Ta ce tana jira ne in buɗe ido ta ga ko zan dube ta."

Har wani saurayi ya so ta, in ji Mai Tabarau, ɗan kirki, ɗan ajinsu. Sati uku suna gaisawa. Ranar da ya ce mata yana sonta, ta dawo ɗaki ta goge lambarsa, ta daina bin hanyar da yake bi. Da aka tambaye ta, sai ta ce, "Gara ni in fara." Ba wanda ya gane me za ta fara. Ni na gane.

To a shekarar ƙarshe akwai wani abu da suke yi. Ɗalibi ya rubuta ɗan littafinsa, sannan ya tsaya a gaban malamai biyar ya kare abin da ya rubuta da baki. In ba ka tsaya ba, ba takarda, ko da kanka ya fi na kowa. Kin ji? A tsaya a tsakiyar falo, a harɗe hannu a baya, a yi wa baƙi lissafi. Shekara goma sha shida yarinya tana gudun falon nan, ashe yana can yana jiranta.

Saura kwana uku, Mai Tabarau ta ce wa takwarata ta gwada a gabansu, ita da wasu ƙawaye biyu. Ta fara da kyau, sai ta kai wani wuri ta kakare. Suka yi dariya, dariyar ƙawaye, suka ce ba komai, gobe a sake. Ta fita wai za ta sha iska. Ita kuwa Mai Tabarau, baiwar Allah, ta tattara kwanukan ɗakin ta wanke, har da kofin agwagwa, ta kife su a bakin taga don ruwa ya tsane. Kowa a duniya haka yake yi, sai a gidan nan, inda muke jera kofi a tsaye ko da ƙuda zai faɗa. Tana cikin haka aka kira ta daga gida, uwarta ba lafiya an kai asibiti. Ta zari jaka ta fita, waya ta mutu a hanya, caja kuma tana ɗaki.

Takwarata ta dawo ta tura ƙofa. Ba kowa. Ga kofi a kife.

Kwana uku. Ranar tsayawa gaban malamai ta zo ta wuce, aka kira sunanta sau uku, ba ta je ba. Da Mai Tabarau ta dawo, ta same ta zaune a ƙasa, ta jingina da gado, tana fuskantar taga. Leɓenta duk ya tsattsage. Ga ruwa a jarka kusa da ita, ga kofin, taku biyu tsakaninsu, amma ba ta taɓa shi ba. Ai ba wanda ya isa ya tayar da shi sai wanda ya kife.

Mai Tabarau ta ce, "Na kira sunanta, ta ɗago. Kaka, kin san me ta ce min?"

Na ce, "Na sani, kada ki faɗa."

Ta faɗa duk da haka. "Kina ganina?"

Aka kai ta asibitin makaranta, aka ƙara mata ruwa, aka haɗa ta da wata likita wadda ba ta allura, sai magana. Ita ce ta zauna da ita har ta jawo zaren. Wai ta ce yaron da aka saba ɗauke wa ido, in ya girma, duk idon da ya kalle shi gani yake yanzu za a ɗauke, shi ya sa taro ke firgita shi. Kuma duk wanda ya miƙo masa hannu, ko dai ya ƙanƙame har mutum ya ji ciwo, ko ya gudu tun kafin a sake shi. Na ce wa Mai Tabarau, yanzu wannan sai an yi shekaru ana karatu kafin a sani? Akuyar da aka taɓa mantawa a ɗaure a rana ma ta san wannan. Amma likitar ta yi abin kirki, ta rubuta takarda, makaranta ta yarda a ba ta dama ɗaya, ta sake tsayawa. Ranar Alhamis ɗin nan. In ta wuce, shekara huɗu sun bi ruwa.

Yayanki ya je ya ɗauko ta. Tun daga can har gida bai ce mata uffan ba. Suna shigowa ya buɗe jakarta a tsakar falo, ya lalubo kofin, ya shiga kicin. Ina zaune ina jin ƙarar da kofin ya yi da ya kife shi a kan kantar nan. Ƙwas. 'Yar ƙaramar ƙara ce, roba ce ai. Budurwa mai shekara ashirin da biyu tana tsaye da jakar hannu a kafaɗa, na ga yadda ta tsuke kamar an zare mata iska.

Na ce, "Alhamis fa?"

Ya ce, "Ba inda za ta. Ta kunyata ni a gaban malamai, wasu ɗalibaina ne a da. Wai likitar ƙwaƙwalwa! 'Yata? Shagwaɓa ce, Inna, kuma na san maganinta."

Matar ta ce, "Ai shi ya san abin da ya dace. Da ya yi sakaci, da ba ta kai jami'ar ba ma."

Aka koma gidan jiya. Faranti a bakin ƙofa. Rana ta farko ta ci rabi. Ta biyu ta ci loma biyu. Ta daina sa takalmi a cikin gida don kada ya yi ƙara. In ta ji tafiya a lungu, sai ta manne da bango, ta runtse ido har a wuce. Da hantsi in leƙa in gan ta zaune a bakin gado, littafin nata a cinya a rufe, tana motsa baki, ba murya. Tana kare shi a gaban malaman da ba su nan.

Rana ta huɗu, bayan Mai Tabarau ta zo ta tafi, ina zaune a ƙofar ɗakina, ta zo wucewa za ta banɗaki. Na gyara zama. Na saki gefen zanena ya taɓa ƙasa, yadda za ta iya kamawa. Ta wuce. Ba ta kama ba, ba ta tsaya ba, ba ta tambaye ni komai ba.

Wannan ne ya tsinka min zuciya. A da tana tambaya. Yanzu ta riga ta yarda da amsar.

Washegari da sassafe na riga kowa shiga kicin. Na ɗauki farin kofin mai hannu na kife.

Yayanki ya fito shan shayi, na ji shi yana ce wa matar, "Wa ya yi wannan shirmen?" Ta rantse ba ita ba. Ya tayar da shi. Yana juya baya na sake kifewa, a gabansa, ban dube shi ba. Ya yi 'yar dariya. Ya biyo ni ɗaki ya durƙusa yadda ya saba.

"Inna, ina kwana?"

Na jawo kwandon wanki.

"Inna, an tashi lafiya?"

Na ce wa kyanwa, "Ke, sauka min daga kan gado."

Ya ce, "To, in kin gama wasan kya neme ni." Ya fita yana kaɗa makulli. Da azahar ya dawo da maganin ƙafata, ya miƙo, na bar hannunsa a sama har ya gaji ya ajiye a ƙasa. Da la'asar ya aiko matar, wai ko akwai abin da aka yi min. Na yi hira da ita sosai, har na ba ta labarin ranar da aka haife ki. Yana tsaye a bakin labule yana ji.

A rana ta biyu ne baƙin suka zo, waɗanda kike yi min faɗa a kansu. Tsofaffin malamai biyu, abokansa. Suka shigo gaishe ni, shi yana gaba yana cewa, "Inna, ga su Malam sun zo." Na tarbe su hannu biyu, na tambayi iyali, na tambayi jikoki, na sa aka kawo ruwa. Sannan na ce, "Kun zo kuwa ba ku yi sa'a ba, mai gidan ba ya nan." Yana tsaye kamar nan da inda kike. Ɗaya ya yi dariya, ya zaci tsufa ne. Ɗayan ya dube shi, ya dube ni, ya ajiye kofin ruwan ya ce suna sauri.

Eh, na yi. Ban musa ba. Amma bari in gaya miki abin da ya ba ni tsoro, wanda bai gaya miki a waya ba don bai sani ba. Ban sha wahala ba. Ko kaɗan. Idona ya san inda zai sauka, wuyana ya san yadda zai juya. Ashe na ƙware. Shekara goma sha shida ina koyon aikin nan a kan jikata.

Ranar bai ci abinci ba. Na ji shi yana zarya a lungu, ya zo ƙofata ya tsaya, ya koma. Ya yi tari, ya sake yi, irin tarin da ba na mura ba. Ya yar da makulli da gangan. Har waƙar da nake yi masa yana ƙarami ya ɗan rera, mutumin da rabon da in ji ya yi waƙa tun kafin ya sa dogon wando.

Da safiyar rana ta uku ya shigo ba sallama, ba tabarau. Ya zube a gabana, ya kama gefen zanena. Wallahi daidai inda ta kama.

"Inna, don girman Allah ki dube ni. Ko zagina ne ki yi. Ko mari ne. Inna, ni ne fa."

Hawaye yana bin furfura.

Sai na ajiye rigar da ke hannuna na dube shi. Na ce, "Me na yi maka?"

Ya ƙara ƙanƙame zanen.

Na ce, "Ko yatsa ban ɗaga maka ba. Nuna min tabon."

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Kwana biyu ke nan da 'yan awanni. Kana da shekara hamsin da takwas, kana da mata, kana da mota, kana da abokai, ka san ƙofar fita. Ita shekararta shida, kuma mu ne duk mutanen da ta sani a duniya."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya tafi kicin, na bi shi. Ya ɗauki kofin agwagwa ya tayar. Ya kira ta da ƙarfi yadda ya saba, yana jiran ta fito ta bi shi kamar jela. Ba ta fito ba.

Ni na je. Tana zaune a bakin gado. Na tsuguna, da wannan gwiwar tawa, na kama fuskarta da hannu biyu. Na ce, "Takwara, ina ganinki. Ranar nan ma da kika tambaye ni, ina ganinki sarai. Ƙarya na yi."

Ta daɗe tana kallona. Muryarta ta dushe don rashin amfani. Ta ce, "Na sani, Kaka. Sau huɗu kika ninke rigar."

To ki gaya min wane aljani ne zai yi min abin da wannan maganar ta yi min. Tun ranar, in na ɗauki wanki, sai in ji ana jan gefen zanena. In waiga, ba kowa.

Kada ki zaci ya tuba. Da yamma har ya fara cewa ai don ta zama mutum ya yi, kuma ga shi ta kai jami'a. Washegari ya kira ki. Ya dai ce takwarata ta koma makaranta, amma shi ba zai kai ta ba, wai kunya. Uwar kuma tana ta share kicin tana kuka, tana cewa ita umarni ta bi. Kowa umarni ya bi a gidan nan, har kyanwa. Yarinyar ma ba warkewa ta yi ba. Jiya na sa ta karanta min littafin nata, ni kaɗai, ta yi layi uku ta tsaya. Na ce ci gaba, ba inda za ni. Ta yi layi biyar. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma ban ƙifta ba. Ko za ta iya ranar Alhamis, Allah kaɗai ya sani.

Eh, jakata ce waccan da kike harara. Gobe da safe za mu kama hanya, ni da ita. Mai Tabarau ta tambayo, an ce ana barin mutane su zauna a kujerun baya in ba za su yi surutu ba. Surutu kuwa, kin ji dai, na iya riƙe bakina.

Me kika ce? Me tsohuwa za ta yi a jami'a, ko sunanta ba ta iya rubutawa? In ba ku kunya?

Ke dai kin yi boko, yayanki ya yi, ga inda ya kai mu. Ni ba karatu za ni ba. Zan zauna ne inda in ta kakare ta ɗago kai, za ta tarar da ido biyu a kanta, ba su kauce ba. Wannan ba ya buƙatar takarda. Kuma na makara da shekara goma sha shida, saboda haka matsa min daga hanya in nemo takalmina.